Filin Tambaya da Amsa: Wasan Wayar da Ke Fitar da Yara Titi

Saƙonnin wannan watan sun taru a kan abu guda, wato wasannin waya da ba a yin su a zaune, sai mutum ya tashi ya taka ƙasa kafin wasan ya motsa. Sana'ata safiyo ce da zanen taswira, don haka inda tambaya ta faɗo gonata zan baje, inda kuma ta shiga gonar malamai zan miƙa musu.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 15 ya zo da sabon salo tun da ɗan yayana ya zo hutu daga Ingila. Da la'asar sai ya zari waya ya fice, wai zai je kamo wasu halittu a wajen Ƙofar Mazugal. Ran nan na leƙa wayar na ga wata 'yar dabba rawaya a tsaye a tsakar gidana, alhali da idona ban ga komai a wurin ba. Mene ne wannan, kuma in hana shi ko in ƙyale shi? Daga wata uwa, Gwammaja.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya shigo miki gida. Zane ne wayar take ɗorawa a kan hoton da kyamararta ke ɗauka, shi ya sa kika ga tsakar gidanki na gaske da dabbar bogi a tare. Sunan wasan Pokémon GO. Kamfanin Niantic na Amurka ne ya fitar da shi ranar 6 ga Yuli, 2016, da haɗin gwiwar masu Pokémon na Japan, kuma kafin shekarar ta fita an sauke shi a waya fiye da sau miliyan 500.

Abin da ya raba shi da sauran wasanni shi ne ya san inda mai wayar yake tsaye. Akwai taurarin ɗan'adam na GPS da ke kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa ba tsayawa. Idan waya ta kamo saƙon guda huɗu ko fiye, sai ta auna jinkirin isowar kowanne, ta lissafa inda take. A fili, kamar Filin Sukuwa, kuskuren ba ya wuce mita 5 ko kusa da haka. Amma a cikin birni abin yana sauyawa. Idan na shiga lungunan Kasuwar Kurmi da waya a hannu, inda kwano ya rufe sama kuma bango ya matse hagu da dama, ɗigon da ke nuna ni a taswira sai ya riƙa tsalle, yanzu yana layin masu sirdi, an jima ya faɗa cikin gidan mutane, ni kuwa ban ɗaga ƙafa ba. Saƙon ne ke bugun bango ya dawo kafin ya iso wayar.

Wasan yana biyan mai tafiya. Akwai ƙwai a ciki da ba sa ƙyanƙyashewa sai an taka kilomita 2 ko 5 ko 10, kuma idan mutum yana cikin mota da gudu ba a lissafa masa. Wannan shi ne alherinsa, kuma ban raina shi ba, domin yaranmu na yanzu suna iya wuni a kan katifa da waya. Sai dai kada a zuzuta. Wasu masu bincike na Jami'ar Harvard sun wallafa sakamako a mujallar likitoci ta BMJ a Disamba 2016: masu wasan sun ƙara taku kusan 955 a rana a makon farko, amma zuwa mako na shida ƙarin ya zaizaye, sun koma yadda suke.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma na san shi ne a ranki. A Kano ba sai an yi wa kowa bayanin ƙwacen waya ba. Yaro ya tsaya a bakin titi da almuru, ya ɗaga waya sama yana juyawa da ita, hankalinsa duk yana kan gilashi, wannan kiran ɓarawo ne. Ko a Amurka, cikin makon farko da fitar wasan, 'yan sandan garin O'Fallon a jihar Missouri sun kama wasu samari da ake zargi da yi wa masu wasan kwanton ɓauna a wuraren da wasan ke tara mutane. A Japan, a watan Agusta na shekarar, wani direba da ke wasan yana tuƙi ya kaɗe mata biyu a Tokushima, ɗaya ta rasu. Mu kuma ga adaidaita sahu da ke shan kwana ba sigina, ga lambatu a buɗe, ga kududdufi idan damina ta sauka.

Duk da haka ban ce ki hana shi ba, domin idan kika hana zai yi a ɓoye, kuma a ɓoyen ne zai fita shi kaɗai. Ki gindaya masa sharaɗi. Ba fita sai da abokai biyu ko uku da kika sani, kuma kiran sallar magariba ya same shi a gida. Yayin tafiya wayar tana aljihu, domin akwai tsari a wasan da ke ƙirga tafiya ko manhajar tana rufe. Idan zai duba, ya tsaya ya jingina da bangon shago inda akwai jama'a. Ki kuma faɗa masa da bakinki cewa idan aka tare shi da makami ya miƙa wayar, ba za ki yi masa faɗa ba. Yara da yawa suna kokawa da masu ƙwacen ne saboda tsoron abin da za su tarar a gida. Sannan kada ki bari a haɗa katinki na banki da wayar, domin ana sayar da kaya a cikin wasan da kuɗin gaske.

Tambaya: Na sauke wasan a wayata, amma a unguwarmu taswirar fayau take, ba wurin tsayawa ko ɗaya sai na yi tafiya mai nisa. A bidiyon 'yan Landan kuwa kowace kwana akwai. Abokina ya ce in sa manhajar da ke yi wa waya ƙaryar wuri, in yi wasa a Amurka ina kwance a ɗakina. Ya ka gani? Daga wani ɗalibi, Rijiyar Zaki.

Amsa: Ƙanena, wannan tambayar ta taɓa ni a inda nake jin ciwo. Wuraren tsayawar nan, da ake kira PokéStop, inda ɗan wasa ke zuwa ya karɓi kayan wasa, ba daga sama suka faɗo ba. Kafin Pokémon GO, Niantic ya fitar da wani wasa mai suna Ingress a 2012, lokacin kamfanin yana ƙarƙashin Google. Shugabansa na lokacin, John Hanke, shi ne ya jagoranci Keyhole, kamfanin da Google ya saya a 2004 ya mayar da manhajarsa Google Earth. A Ingress an raba 'yan wasa gida biyu, kore da shuɗi, suna ƙwace wurare a taswira, kuma su 'yan wasan ne ke ɗaukar hoton gine-gine da alamomin tarihi na garuruwansu suna turawa a sa. Da aka zo gina Pokémon GO sai aka kwashe wannan tarin aka ɗora. Garin da ya tara 'yan Ingress masu waya mai tsada da data mai arha a shekarun nan, ya cika da wuraren tsayawa. Garin da bai samu ba ya tashi a fayau. Ko a Amurka an yi ƙorafin cewa ƙauyuka da unguwannin talakawa sun sha ƙasa.

To ka ga ba wai Kano ce ba ta da abin nunawa ba. Garin da aka fara kewaye shi da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, garin da ke da Dala da Goron Dutse, da Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa, da marinar Ƙofar Mata, da Kurmi wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa, ba ya rasa abin sawa a taswira. Masu sawar ne suka yi ƙaranci. Akwai tsarin da ake kira Wayfarer, inda ɗan wasan da ya kai wani mataki yake tura sunan wuri da hotonsa da bayaninsa, sauran 'yan wasa su duba su amince ko su ƙi. Ba a karɓar gidan mutum, ko makarantar firamare da sakandare, ko inda babu hanyar ƙafa, ko inda taro zai tare wa motar asibiti da 'yan kwana-kwana hanya. Ka tuna mai dubawar wataƙila bai taɓa taka Kano ba, don haka ka yi bayani mai gamsarwa: wace ƙofa ce, me ya sa mutanen unguwa suka san ta, kuma hoton ya fito da rana ba fuskar kowa a ciki.

Ita kanta taswirar titunan da kake gani a wasan, tun Disamba 2017 daga OpenStreetMap ake ɗauko ta, wadda kowa zai iya buɗe asusu ya gyara kyauta. Idan layinku babu shi, kai za ka iya zana shi, amma ka zana gaskiya, kada ka ƙirƙiro lambun da babu don wasa ya ba ka dabbobi. Wannan aikin amfaninsa ya zarce wasa nesa. Lokacin yaƙi da cutar shan inna a Arewa, sai da aka zauna aka zana taswirar unguwanni da rugage, aka riƙa ba masu rigakafi waya mai GPS tana bin sawunsu, don a gane layin da aka tsallake. An yi babban ɓangaren wannan aiki a nan Kano. Fasahar da ke nuna maka dabbar bogi ita ce ta taimaka aka gano yaran da ba a ɗiga wa magani ba.

Batun shawarar abokinka kuwa, ka bar ta. Dokar wasan ta hana, kuma hukuncin hawa uku ne: gargaɗi, sai dakatarwar kwana 30, sai rufe asusu gaba ɗaya. Abin da ya fi wannan muni, irin waɗannan manhajoji daga shafukan da ba a san masu su ba ake sauke su, suna neman izini mai zurfi a waya, wayar da manhajar bankinka take ciki.

Tambaya: Yana cin data da caji sosai? Daga wani mai gyaran waya, Farm Centre.

Amsa: Maigida, caji ya fi data shan wuya. Karɓar saƙon GPS ba ya cin data ko kaɗan, domin wayar sauraro kawai take yi. Taswira da hotuna da sabunta manhajar ne ke ci. Batir kuwa yana aiki ta fuska huɗu a lokaci guda: gilashi a haske mai ƙarfi saboda rana, GPS, kyamara, da zane mai motsi. A zafin Afrilu wayar kan ɗau zafi har ta rage gudu da kanta. Ka ce wa kwastomominka su kashe kyamarar cikin wasan, ana iya yin sa ba ita, kuma kada su jona caji wayar tana tafasa a aljihu, shi ke kumbura batir.

Tambaya: Na ji an ce malamai sun haramta wannan wasa. Kuma na ga wasu samari sun tsaya a harabar masallacinmu suna latse-latse, suka ce wasan ya sa alama a wurin. Me za mu yi? Daga wani na'ibin limami, Ɗorayi.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, hukunci naku ne, nawa in kawo muku yadda abin yake. A 2001 majalisar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasan katin Pokémon na lokacin, ta kafa hujja da kamanninsa da caca da wasu alamomi da aƙidu da ta gani a ciki. Da wasan waya ya fito a 2016 sai aka sake tayar da zancen waccan fatawa. A wasan wayar ba a zuba kuɗi tsakanin 'yan wasa wani ya cinye na wani, amma akwai sa'a a ciki: mutum zai iya sayen kayan ƙyanƙyasar ƙwai da kuɗinsa bai san abin da zai fito ba. Wannan gaɓar, da batun shagala daga salla, su nake ganin ya kamata a shimfiɗa wa malamin da za a tambaya, ya ga wasan da idonsa kafin ya yi magana.

Batun harabar masallaci kuwa ba ku kaɗai ba ne. A 2016 masu kula da dandalin tunawa da waɗanda bam ɗin nukiliya ya kashe a Hiroshima, da maƙabartar sojoji ta Arlington a Amurka, sun nemi a daina wasa a wurarensu, kuma an cire alamomin Hiroshima kafin taron ranar 6 ga Agusta. A Rasha har kotu ta yanke wa wani matashi hukuncin ɗaurin talala a 2017 bayan ya ɗauki bidiyon kansa yana wasan a cikin coci yana izgili. Kamfanin yana da fom a shafinsa na intanet da mai wuri zai cika ya nemi a cire alama, kuma ɗaya daga samarin nan zai iya taya ku cikawa. Ni da za a bi ta tawa, a fara kiran su a yi musu magana da lalama. Samari ne da suka tako har ƙofar masallaci da ƙafarsu, idan an kira salla a ce su sa waya a aljihu su yi alwala. Maƙabarta kuwa babu ja, ba wurin wasa ba ce.

Tambaya: Ba leƙen asiri ake yi da mu ba kuwa? Daga wata ma'aikaciyar gwamnati, Hotoro.

Amsa: 'Yar'uwa, ba zan ce miki an gina wasan don leƙen asiri ba, amma tambayarki tana kan hanya. Wasan ba ya aiki sai ya san inda kike, don haka kamfani yana tara bayanin zirga-zirgar mai wasa, kuma daga wannan ana iya gane gidan mutum da wurin aikinsa. Iran ta hana Pokémon GO a Agusta 2016 bisa dalilin tsaro. A Janairu 2018 an gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, mai nuna inda masu gudu ke bi, ta fallasa siffar sansanonin soja a Siriya da Afghanistan, saboda sojoji na gudu da na'urorinsu a kunne. A Nuwamba 2024 Niantic da kansa ya bayyana cewa yana amfani da hotunan wurare da 'yan wasa suka ɗauka wajen gina ƙirƙirarriyar basira mai gane wuri daga hoto. A 2025 kuma ya sayar da wasanninsa ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan 3.5, shi kuma Scopely mallakin Savvy Games ne, na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya. Ma'ana bayanan da kika ba kamfani yau suna iya komawa hannun wani gobe.

Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma matakin farko a hannunki yake. Ki shiga saitin waya ki zaɓi a ba manhaja wuri sai lokacin da ake amfani da ita kawai, kada ki sa sunanki na gaskiya a wasa, kada ki ɗauki hoton cikin gida ko ofis da shi. Kuma duk mai wasa ya nisanci ɗaga waya a gaban Barikin Bukavu, ko hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, ko kewayen filin jirgin Malam Aminu Kano. Jami'in da ke bakin ƙofa ba zai saurari zancen dabbar da ba ya gani ba.

Tambaya: Ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Ina so in shirya wa ɗalibaina irin wannan, amma a ajin 'yan kaɗan ne ke da babbar waya a gida. Zai yiwu? Daga wata malama, Gwale.

Amsa: Malama, zai yiwu, kuma a ganina naki zai fi na kamfani amfani. Asalin abin ma ba da wayar zamani aka fara ba. A farkon Mayu 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon GPS da gangan ga farar hula, sai daidaitonsa ya ƙaru kusan ninki goma a dare ɗaya. Ranar 3 ga wata wani mutum mai suna Dave Ulmer ya binne baƙin bokiti a dajin jihar Oregon, ya zuba 'yan kayayyaki da littafin sa hannu, ya wallafa lambobin GPS na wurin a intanet ya ce a je a nemo. Daga nan aka samu Geocaching, wanda yau akwai miliyoyin irin waɗannan ma'ajiyai a duniya.

Abu ɗaya za ki sauya a Kano: kada ki ɓoye gwangwani ko leda ko akwati a ko'ina. Garin da ya ga hare-haren bama-bamai na ranar 20 ga Janairu, 2012 ba ya wasa da ƙunshin da aka ajiye a gindin bango, kuma yaron da aka gani yana tono a wurin zai iya shan duka kafin ya yi bayani. Maimakon kaya, ki ɓoye amsa. Ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da babba guda da waya guda, wadda za ta tsaya a hannun babban. Ki ba su lambobin wuri a takarda da tambayar da ba ta amsuwa sai an je. A Gidan Makama su kwafo abin da aka rubuta a jikin wani abu da kika zaɓa. A marinar Ƙofar Mata su tambayi marini abin da ake haɗawa da baba a cikin rami, su ji toka da katsi daga bakinsa, su ga yadda zane ke fitowa kore-kore daga rami iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansu. A Kurmi su nemo layin dukawa su tambayi sunan fatar da ake aiki da ita.

Lissafi ma zai shigo da kansa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da digiri 8.5 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, don haka lamba ta huɗu bayan ɗigo tana daidai da mita 11, ta biyar kuma mita ɗaya da ɗoriya. Ki sa su tsaya a farfajiyar makaranta su rubuta lambar, su yi taku 15 zuwa arewa su ga wace lamba ce ta sauya.

Ki je da kanki tukuna ki ɗauko lambobin kowane wuri a fili, ba a ƙarƙashin rumfa ba. Ki samu izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, ki gaisa da mai unguwa da shugaban 'yan kasuwar layin da za ku shiga, ki kuma hana yara hawa abin da ya rage na ganuwa, domin ƙasar tana zubewa. Safiyar Asabar a lokacin sanyi ta fi, kafin titin Ƙofar Mata ya cika. Idan kin gwada, ki aiko mana da tambayoyin da kika ba su da amsoshin yaran, za mu buga su a wannan fili don sauran malamai su ɗauka.